Gidan da Aka Ce wa A'a

A unguwar Birni, idan baƙo ya tambayi gidan Malam Alkasum magini, ba a nuna masa da yatsa, sai a ce ya bi lungun nan har ya ji iska ta canza. Ƙari ne irin na 'yan Birni, amma ba duka ne ƙarya ba. Gidajen ƙasa biyu ne jere, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya yana ciki da matarsa Balki, ɗayan na haya ne, kuma shi ya fi so, don da hannunsa ya ɗora shi tun daga tushe har zanko a shekarar da ya yi aure.

Alkasum ɗan magina ne, jikan magina. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ranar da aka zo ɗaukar yara, ubansa ya tura shi cikin ramin kwaɓa ya ce ya yi shiru, ya fito da laka har wuya, kuma a faɗarsa tun ran nan bai gama wankewa ba. Shekara bakwai ya yi yana taka ƙasa kafin a yarda ya taɓa tubali, ya ƙara biyar yana cilla tubali sama kafin a bar shi ya hau bango. Daga baya ya yi gini a Mirriya, ya yi a Hamdara, ya yi wa wani mai goro soro a Droum wanda har yau awaki suke rububin inuwarsa. Ƙasa kuwa lasa yake yi kafin ya yarda da ita. Balki ta sha cewa da miyarta yake ɗanɗanawa da irin wannan natsuwa, da ta ji daɗin aure.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne awon man shanu. Idan ya gama ɗaki ba ya cewa ya gama. Sai bazara ta kankama, ran da kare ma yake ƙin tsallaka titi, ya sa ɗan curin man shanu a ƙoƙo, ya ajiye a tsakiyar ɗakin bayan azahar, ya ja ƙofa. Da la'asar ya dawo. In ya tarar man yana zaune da siffarsa, ɗaki ya zama ɗaki. In ya kwanta ya zama ruwa, sai ya hau sama ya ƙara ƙasa, ko ya toshe taga ya buɗe wata ta wajen arewa, mai gida yana so ko ba ya so. Man da aka yi awo da shi kuma hakkin Balki ne, shi ya sa gidansu ba a rasa ƙamshi a watan zafi.

Sai zamani ya juya. Allah kaɗai ya san wanda ya fara gaya wa mutanen garin nan cewa zama cikin tukunya shi ne wayewa, amma an ji maganarsa. Kowa ya koma siminti da rufin kwano. Mutum ya gina ɗaki da bango siriri, ya kifa masa ƙarfe a ka, sannan ya sayo fanka ta riƙa juya masa zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ƙarshen wata ya riƙe takardar kuɗin wuta yana salati. Aikin Alkasum ya ja baya har ya zama sai gyaran katanga da yaɓen damina. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba, duk wanda ya zauna kusa da shi a zaure sai ya ji.

Babban mai wa'azin siminti kuwa a cikin gidansa aka haife shi. Mahamud ɗan fari ne, saboda haka daga uwar har uban babu mai kama sunansa. Wancan yaron suke cewa, ko da yake yaron ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, yana da teburinsa a biro, wato ofis, da mutanen da suke miƙewa in ya shigo. Yana ɗan shekara takwas uban ya saka shi ramin kwaɓa, ya taka sau uku, ya fito ya ruga lakwal, bai sake waiwayar laka ba. Uban ya ɓuya a rami don kada a kai shi lakwal, ɗan ya ɓuya a lakwal don kada a kai shi rami. Da ya yi ƙarfi ya gina gidansa a sabuwar unguwa, siminti da kwano, da manyan tagogin gilashi suna kallon faɗuwar rana. Alkasum ya je ganin gida sau ɗaya, ya sha ruwa kofi huɗu, ya yi addu'a, ya dawo.

Rigimar ta taso ne da 'yan hayar ƙarshe suka tashi daga gidan ƙasa. Ba wani laifi gidan ya yi musu ba, danginsu ne na ƙauye suka riƙa yi musu dariya, wai sun zo birni sun sake shiga laka. Gida ya yi wata takwas a rufe. Mahamud ya zo da shawara: a rushe shi kafin damina, a ɗora ɗakunan siminti irin waɗanda ma'aikata suke nema. Kuma gaskiya ba mugunta ce ta sa shi ba. Duk shekara yana ganin tsohon nan yana hawa tsani da gwiwoyin da suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, don ya yaɓe soron, ga shi yanzu babu kowa a ciki, kuma yana tsoron ranar da za a kira shi a biro. Sai dai bai iya faɗin haka ba, abin da ya iya faɗi shi ne gidan ya tsufa.

A shekarar ne wani porje, wato shirin aiki na wata ƙungiya, ya shigo gari, matasa suna yawo suna auna gidajen haya, su ba kowane gida takardar da take nuna yawan zafinsa da yawan wutar lantarkin da zai ci. Masu neman haya har sun fara tambayar takardar kafin su tambayi ko unguwar tana samun ruwan famfo. Mahamud, da yake mutumin takarda ne, ya ce a kira su su auna gidajen biyu, nasa da na uban, kowa ya huta. Alkasum ya yi dariya har ya tuɓe hula. A gaban Balki ya ce ya yarda, in takarda ta ce wa gidansa a'a, ba sai an ɗauko kowa ba, shi da hannunsa zai sauke shi. Balki ta ce ya janye wannan magana. Bai janye ba, don a rayuwarsa bai taɓa janye magana ba, ko wadda ya faɗa bisa kuskure.

Wadda ta zo awon sunanta Raudatu, ta yi karatun gini a jami'a, ta zo a kan babur da jaka a baya. Ta gaida Alkasum har ƙasa, abin da ya sa ya sassauta mata. Ta auna kaurin bango, ta sake aunawa don ba ta yarda da na farko ba. Ta duba inda tagogi suke kallo, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon ɗaurin azara. Sannan ta rataya wasu 'yan na'urori kamar kwalin ashana a kowane ɗaki, ta ce a bar su kwana uku.

A zaure ta yi wa Mahamud bayani, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Kowane gida haruffa biyu ake ba shi, ɗaya na sanyin ɗaki, ɗaya na cin wuta. Haruffan daga A suke farawa su gangara har G. A shi ne na gaba duka, daga E zuwa ƙasa kuwa sai dai a yi wa mai gida jaje. Duk wannan Alkasum bai ji ba. Yana can ƙuryar ɗaki yana ajiye ƙoƙon man shanunsa daidai ƙarƙashin kwalin ashanar, don su kara a gani.

Kwana ukun nan kullum man yana zaune da la'asar. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: a rana ta biyu ya tarar an matsar da ƙoƙon gefe, ga kuma tabarma a naɗe a kusurwa wadda ba shi ya kai ba. Ya tambayi Balki, ta ce wataƙila aljannu ne, su ma ai suna jin zafi. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Bayan mako guda, da hantsin wata Alhamis, salularsa ta yi ƙara. Raudatu ce daga Mirriya inda take wani awon. Ta nemi Mahamud ba ta samu ba, murna kuma ta hana ta jira. Ga hayaniyar tasha a bayanta, ga layi yana yankewa.

"Baba, sakamako ya fito."

"To, 'yata, gidan ya ci?"

"A, A, Baba."

Alkasum ya sauya salular zuwa ɗayan kunnen. "Kin duba da kyau?"

"Sau uku na duba. A, A. Wallahi tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin gida irinsa ba."

Ya haɗiye wannan ma. Sannan ya ce, "Na wancan yaron fa?"

"Nasa E, E ne. Zan kawo takardun bayan azahar."

Ya yi mata godiya, don tarbiyya ba ta barin mutum ko a irin wannan rana. Ya zauna a dakalin zaure, salular a hannu. An ce wa gidansa a'a, an ce wa tukunyar wancan yaron e, har sau biyu, kuma yarinya mai ladabi ta rantse ba ta taɓa ganin gida mai muni irin nasa ba. Ba rushe gidan ne ya fi yi masa zafi ba. Abin da ya soke shi shi ne ashe shekara hamsin man shanu yana yi masa ƙarya, shi kuma yana ɗaukar ƙaryar yana kai wa mutane har Droum. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya tashi ya ɗauko tsani da diga. Balki ta tare shi a tsakar gida ta ce ya jira takarda ta iso, a gani da ido. Ya ce abin da ba ya so ke nan, a zo a karanta masa a'a a gaban jama'a, gara takarda ta tarar ya riga ya cika alkawari. Da ta ga ya kafa tsani, ta shiga ɗaki ta kira ɗanta, ta kira, ta sake kira, har ya fito daga taron da yake ciki. Abin da ta ce masa kawai shi ne, kai, ubanka ya hau soro da diga.

Da zankon gabas ya fara, wanda ubansa ya gyara masa tsininsa da tafin hannu a ranar da aka gama ginin. Ya dafa shi ya ɗan tsaya, kamar mai sallama da aboki a tasha, sannan ya sara. Ginin kirki ba ya faɗuwa da sauƙi, wannan ma ya ƙara masa haushi: gidan da aka ce bai ci ba, ga shi yana gardama da diga. Kafin azahar ya sauke zankon, ya ci rawanin soron kamu huɗu, ya buɗe kusurwar rufi har azara ta bayyana, rana ta leƙa cikin ɗakin karon farko tun da aka yi shi. Maƙwabta suka taru a lungu suna ba shi haƙuri, yana amsa musu da ƙura.

Kusan tare suka iso. Mahamud a kan kabu-kabu, takalminsa yana sheƙi. Raudatu a kan baburinta, ta goyo wata mata mai suna Hannatu, ungozoma a likita, wato asibiti, wadda sau da yawa aikin kwana take yi, barcinta sai da rana. Ita da mijinta Filibus, mushen lakwal, wato malamin makaranta, sun yi shekara uku a gidan kwano, ta kuma roƙi Raudatu duk ranar da ta ga gida mai A ta kira ta kafin kowa.

Raudatu ta ga tarin ƙasa a lungu, ta ɗaga kai ta ga tsoho a sama fari fat da ƙura. Ta tambaye shi me yake yi.

"Abin da kika ce. Ba ke kika ce a'a ba?"

"Ni? A, A na ce, Baba."

"To, me na faɗa?"

Sai da ta zaro takardar ta ɗaga sama, ta nuna masa haruffa biyu manya a cikin kore, ta yi bayanin da ta yi a zaure tun daga farko, da Hausa zalla wannan karon. Cewa A ɗaya na sanyi ne, A ɗaya na rashin cin wuta, kuma babu abin da ya fi su. Cewa da ta ce ba ta taɓa ganin gida irinsa ba, yabo take yi. Sai Balki ta fara dariya, ta dafa katanga, ta zame ta zauna, maƙwabta suka kama mata.

Alkasum bai yi dariya ba. Daga sama ya tambaya, to e ɗin wancan yaron fa? Aka ce masa E yana can ƙasa, saura biyu ya kai ƙarshe. Ya jinjina kai, ya tambayi wane ne ya tsara rubutun da a'a take nufin e, e kuma take nufin a'a. Raudatu ta ce daga ƙasar Nasara tsarin ya zo. Ya ce ai dama.

Da an tsaya nan da Mahamud ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma Raudatu mai son aikinta ce, ta ce abu ɗaya ne ya rage bai warware mata ba. Na'urar ƙuryar ɗaki ta nuna kullum daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana ɗumi yana ɗan ƙaruwa, iska tana ɗan yin laima, kamar akwai mai barci a ciki, alhali an ce mata gidan babu kowa. Mahamud ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Balki ta share hawayen dariya ta ce a daina neman aljanin, ga shi nan tsaye da rigar biro. Tun shigowar bazara yake zuwa, ta ƙofar baya, ita take ba shi makulli. A gidansa in wuta ta ɗauke da rana ko ƙadangare ba ya zama.

Hannatu ta shiga ta zaga ɗakunan, ta fito ta ce ita ta ga gida, ko yau aka ba ta za ta kwaso kaya. Sai ta ɗaga kai ta dubi ramin da ke rufin, kowa ma ya duba. Daga nan idanu suka wuce gabas, inda tun kwana biyu gajimare yake taruwa da yamma yana watsewa. Ruwan farko in ya samu soron ƙasa a buɗe, ba ya tambayar wace takarda gare shi.

Alkasum ya sauko a hankali, kowane mataki gwiwa tana faɗin nata. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai murnar ta gudu ta bar shi da lissafin magini. Abin da ya rushe cikin awa uku aikin mako biyu ne. Ɗorawa zai iya, hannunsa bai manta ba. Amma ƙasa sai an taka ta, a bar ta ta kwana, a sake takawa, kuma ƙafafunsa sun gama wannan aikin tun shekaru biyar. Masu taka masa na da, wasu sun rasu, wasu sun koma kabu-kabu. Ya faɗi haka a fili, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce wa Hannatu ta yi haƙuri, bai san ko gidan zai kai damina ba. Ya shige gida, ranar ko tuwo bai ci ba.

Ran Asabar da sassafe Balki ta ce masa ya leƙa bayan gida, wai akuyar wani ta faɗa tsohon ramin kwaɓa. Ya fita yana faɗa. A bakin ramin ya ga takalmi mai sheƙi an ajiye shi a kan dutse, safa a cikinsa. An zuba jar ƙasa da ruwa da ciyawa, a tsakiya kuma ga mutum mai furfura a gemu, ya naɗe wando har gwiwa, yana taka laka kamar mai tsoron kada ta cije shi. Yana ɗaga ƙafa da yawa, yana sa ƙarfi inda ba a so, duk abin da ake hana yaro ɗan shekara takwas yana yi.

Alkasum ya daɗe a tsaye. Ya juya ya yi kamar yana duba gajimare. Sannan ya tsuguna da ƙyar, ya ɗebi lakar da yatsa, ya murza, ya kai bakinsa.

Mahamud ya tsaya yana haki. "Baba, ta yi?"

"A'a."

"Wace iri? Ta takarda ko ta Hausa?"

"Ta Hausa," in ji Alkasum. Ya jawo wani dutse ya zauna a bakin ramin, ya gyara hularsa. "Da diddige ake yi. Taka in gani."